Sandar Makiyayi: Asalinta, Dabarunta da Filin Sharo

Duk wanda ya zauna a Tudun Wadar Zariya ya san tsayuwar nan ta makiyayi: sanda a gicciye bisa wuya, hannaye biyu sun rataya a kanta, ido yana kan garke. Da rani, in ciyawa ta ƙare a daji, sai ka ga shanu sun gangaro bakin Kubanni, yaro ɗaya ko biyu suna biye da su, ba abin da ke hannunsu sai wannan siririn ice. Mutanen gari sun ɗauke ta abin kora saniya ne kawai. Amma wanda ya taɓa ganin rigima ta tashi a mashaya, ya ga yadda saurayi ɗaya ya hana mutum uku ko huɗu matsowa kusa da shi, ya san cewa akwai ilimi a bayan sandar nan, ilimin da ake koya tun ana yaro, mai ƙa'ida da dabara da ladabi. A ƙasarmu an rubuta tarihin takobi da mashi da doki, an yi wa dambe da kokawa waƙoƙi har sun cika rediyo, ita kuwa sanda an bar ta a hannun masu ita. Ina ganin an yi mata rowa.

Asalin faɗan sanda a Afirka yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da kiwo. Shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara take da tafkuna da ciyawa, mutane suna kiwon shanu a cikinta, kuma sun bar zanen garkunansu a jikin duwatsun Tassili da ke kudancin Aljeriya. Amadou Hampâté Bâ, masanin nan Bafulatanin Mali, da ya ga hotunan wasu daga cikin zane-zanen ya ce ya gane al'adun Fulani a cikinsu. Masana ba su haɗu a kan wannan magana tasa ba, amma babu mai musun cewa kiwon shanu tsohon abu ne a wannan yanki, kuma ba a kiwo da hannu wofi. Mai garke yana buƙatar abin da zai juya bijimi, ya kashe maciji, ya auna zurfin rafi kafin dabbobi su tsallaka, ya kaɗo ganye daga reshe, ya kori kura da dare, ya kuma tsaya wa ɓarawo. Abu ɗaya ne yake yin duk waɗannan ba tare da ya yi wa mutum nauyi a tafiyar yini ba.

Shi ya sa in ka bi al'ummun da suka shahara da faɗan sanda a nahiyar nan, mafi yawansu masu shanu ne. Zulu da Kosa na Afirka ta Kudu suna riƙe sanda biyu, ɗaya ta duka ɗaya ta karewa, kuma Nelson Mandela ya ba da labarin yadda ya koyi wannan faɗa yana yaro yana kiwo a ƙauyen Qunu. Suri na kudu maso yammacin Habasha suna da donga, inda samari suke gwabzawa da sanduna da suka fi mutum tsawo. Wani masanin tarihi, T. J. Desch-Obi, ya bi wannan zare a littafin da ya fitar a 2008, ya nuna yadda bayin da aka kwashe daga Afirka suka tsallaka teku da irin waɗannan dabaru. A tsibirin Tirinidad faɗan sanda da ake kira kalinda ya yi ƙarfi har ya kai ga tarzoma tsakanin masu shi da 'yan sandan mulkin mallakar Ingila a 1881, daga baya hukuma ta hana shi.

Fulani sun taso daga Futa Toro, a bakin kogin Sanagal, suka yi ta gusowa gabas da shanunsu ƙarni bayan ƙarni. Tarihin Kano ya ambaci zuwansu daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, ɗauke da littattafai. Marubucin ya lura da malamai ne, domin su ne suka shigo birni suka zauna kusa da fada. Makiyayan da suka tsaya a daji ba wanda ya rubuta zuwansu, amma su ne suka zo da sandar da muke magana a kai, wadda suke kira sawru. A wajensu ba kowane reshe ne yake zama sawru ba. A littafin Koumen, wanda Hampâté Bâ da Germaine Dieterlen suka buga a 1961 kan asiran kiwo na Fulani, an ambaci itatuwa biyu da ake saro sandar makiyayi daga jikinsu: kelli, wato dangin dargaza, da nelɓi, wato kanya. Ana neman reshe miƙaƙƙe mara gaɓoɓi da yawa, a gasa shi sama-sama a wuta a miƙe inda ya karkace, a bar shi ya bushe a inuwa, sa'an nan a riƙa shafa masa man shanu har ya yi ja ya yi santsi. Sandar da ta sha mai ba ta saurin tsagewa, tana ɗan lanƙwasa in ta haɗu da wata, kuma wannan lanƙwasar ita ce take hana girgizar duka komawa cikin hannun mai ita. Tsawonta yawanci daga ƙasa zuwa ƙirji ko kafaɗar mai riƙe ta ne. Yaro yana samun tasa tun ran da aka fara tura shi bayan maruƙa, kuma in ya girma zai sake wata daidai da tsayinsa.

Hausawa ma ba baƙin ice ba ne, sai dai nasu ya bi wata hanya. Akwai gora, doguwa mai nauyi, wadda wasu suke sa wa zoben ƙarfe a kai. Akwai kulki da gulme, gajeru masu kauri. Akwai kere, mai ƙoƙuwar kai, wanda maharbi yake jifan zomo da shi. A rundunonin sarakunan Hausa masu hali su ne bisa dawakai da lifidi da sulke, talaka kuwa da aka tara a gayyar yaƙi yakan fito da abin da yake da shi, baka ko mashi ko gulme. Joseph Smaldone, wanda ya yi nazarin yaƙi a Daular Sakkwato a littafinsa na 1977, ya lissafa kulake cikin makaman dakaru. Filin da gorar Bahaushe ta fi yin aiki kuwa shi ne farauta. Da rani in garuruwa suka yi gayya suka kewaye daji, rikici kan nama ba ya ƙarewa: wannan ya ce karensa ne ya kama, wancan ya ce kerensa ne ya fara samu, sai a ja layi gari da gari, a yi ta kafsawa da gora har manya su shiga tsakani. 'Yan tauri sun fito daga wannan duniyar ne, da kiɗansu da kirarinsu. Maguzawa kuma suna da shanci, faɗa da munduwar ƙarfe mai kaifi. Wani Ba'amurke, Edward Powe, ya tattara irin waɗannan wasannin jarumta na Arewa a littafin da ya fitar a 1994, ya haɗa har da shaɗin Fulani.

Dabarar faɗan kanta ba a rubuce take ba, a jiki take, kuma ana fara ta ne da wasa. Yara a bakin garke suna karyo kara bayan girbi su yi ta sarar juna, babba yana kallo yana gyara musu. Abu na farko da ake koya shi ne tazara. Ƙarfin sanda yana can ƙarshenta, a ɗan taƙin nan na baki, domin nan ne ya fi gudu in an wurga ta. Wanda ya tsaya daidai inda bakin sandar abokin karawarsa zai sauka, shi ne zai sha rotse. Ko dai ka ja da baya taki ɗaya ta wuce a iska, ko ka kutsa ciki ta same ka da gindinta inda ba ta da zafi. Saboda haka ƙafa ta fi hannu aiki, kuma makiyayi da ya saba yini a tsaye yana kewaya garke ya riga ya sami rabin horon.

Riƙo iri biyu ne. In ana son nisa da sauri, sai a kama ta da hannu ɗaya kusa da gindi, a juya ta bisa kai, ta sauko ta dama ko ta hagu, wuyan hannu ne yake ba ta gudun ƙarshe. Wannan shi ne riƙon da mutum ɗaya yake tsare kansa da shi daga taro, domin sandar da take kewayawa ba ta barin kowa ya matso. In kuwa duka ne ya taho daga sama, sai a buɗe hannaye biyu a ɗaga ta a gicciye, a ɗan karkata ta yadda sandar abokin gaba za ta zame gefe maimakon ta sauka da dukkan nauyinta. Masu karewa da sanda a miƙe sak su ne ake karya wa ita, ko a farfasa musu yatsu. Da zarar dukan ya zame, hannun da ke ƙasa ya riga ya sami hanya, sai a mayar da martani tun kafin wancan ya janye. Gwani ba ya ɓata ƙarfi a kan baya ko kafaɗa. Yana neman wuyan hannu, domin in sanda ta faɗi faɗa ya ƙare, ko ƙwauri da gwiwa, domin wanda ya durƙusa ba ya bin kowa. Akwai kuma yaudara: a nuna kai a sauka a ƙafa, a ɗaga kamar za a sara a soka bakinta a ciki. Kai shi ne wurin da ake kaiwa in an yi nufin ɓarna, kuma dattawan ruga sun san bambancin saurayin da ya kare kansa da wanda ya nemi ran ɗan'uwansa. Wannan bambanci yana da muhimmanci a shari'ar ardo, kuma yana cikin abin da ake koya wa yaro tare da riƙon.

A nan ne tarihin sandarmu ya rabu da na sauran ƙasashe. Wasu al'ummu sun ɗauki wannan sara da karewa sun mai da shi wasan fili. Fulani, ko in ce wasu daga cikinsu, sun ɗauki dukan kaɗai, suka cire karewar gaba ɗaya, suka mai da shi jarrabawa. Ita ce sharo, ko shaɗi, wadda su suke kira soro. Ba duk Fulani ne suke yin ta ba. An fi sanin Jafunawa da ita, da wasu zuriyoyin da suka yi cuɗanya da su, daga ƙasar Kano da Zazzau har Adamawa, ana kuma yin irinta a Nijar da arewacin Binin. Woɗaaɓe sun fi karkata ga gerewol, gasar kyau da rawa, Fulanin gida kuwa da suka zauna a birane tun zamanin jihadi ba ruwansu da ita.

Lokacinta kaka ne, bayan an girbe dawa, shanu sun ƙoshi, nono ya wadata, ko kuma da bikin Salla, wani lokaci da bikin aure ko naɗin sarauta. Filin yawanci gefen kasuwa ne, kuma taron yakan ɗauki kwanaki. Samari suna zuwa tsirara daga ƙugu zuwa sama, an yi kitso an yi ado, ga layu da guraye a damtse da ƙugu. Makaɗa suna kiɗa, 'yan mata sun yi da'ira. Saurayi zai fito tsakiya yana kirari, ya ɗaga hannaye sama ko ya ɗora su a kai, haƙarƙarinsa a buɗe. Sai tsaransa daga wata zuriya ya fito da tsumagiya, wadda aka fi yi da reshen tsamiya, an gasa ta an shafe ta da magani. Ba ya dukan nan take. Zai kewaya shi, ya ɗaga ya fasa, ya sake ɗagawa ya fasa, yana jiran ya ga tsoka ta motsa ko ido ya ƙifta. Sa'an nan ya shauɗa masa da iyakar ƙarfinsa. Fata takan tsage, jini ya zubo. Abin da ake nema ga wanda aka daka shi ne kada ya motsa, kada ya yamutsa fuska, kada hawaye ya fito. Da yawa suna riƙe madubi suna kallon fuskarsu, don su tabbatar wa kansu da taro cewa ba abin da ya canza a cikinta. Wani ma murmushi zai yi, ya ci gaba da kirarinsa kamar ƙuda ne ya sauka masa.

Ƙa'idojin suna da tsauri. Tsara da tsara ne suke karawa, ba a haɗa babba da yaro, ba a kuma haɗa 'yan gida ɗaya. Akwai manya masu sa ido kan inda bulala take sauka da yawanta. Sannan akwai ramuwa, wadda ita ce ginshiƙin abin duka: wanda ya yi duka yau, dole ya tsaya ya buɗe nasa haƙarƙarin, ko a wannan taro ko a na gaba, a zabga masa daidai adadin da ya yi. Hausawa suna cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma kowane mai ɗaga tsumagiya a filin sharo ya san da haka tun kafin ya sauke hannunsa. Wannan ne yake sa wa ƙarfi linzami. Tabon da ya rage a jiki ba a ɓoye shi, abin nunawa ne har tsufa.

Mutanen gari sun fi sanin sharo ta bakin masu cewa gasar neman aure ce, wanda ya jure a ba shi yarinya. Maganar ta fi haka faɗi. Auren makiyaya yawanci iyaye ne suke ƙulla shi, da shanu, sau da yawa tun yaran suna ƙanana. Abin da saurayi yake samu ko ya rasa a fili shi ne mutunci, kuma gaskiya ne wanda ya gudu ko ya yi kuka zai sha wuya kafin wata ta dube shi, danginsa ma su sha kunya. Amma tushen abin yana cikin pulaaku, tarbiyyar da Bafulatani yake auna kansa da ita: munyal, wato haƙuri da juriya, semteende, wato kunya da kamun kai, hakkiilo, wato hankali, da ngorgu, wato mazantaka. Yaron da za a bar wa dukiyar gida gaba ɗaya ya shiga daji da ita, ga yunwa ga ƙishirwa ga kura ga ɓarawo, ana so a san ba zai watsar ya gudu ba. Sharo ita ce hanyar da jama'a take gani da idonta. Ni a ganina akwai hikima a nan da ta wuce ta yawancin wasannin faɗa, domin su suna gwada abin da mutum zai iya yi wa wani, ita kuwa tana gwada abin da zai iya hana kansa yi. Duk da haka ba zan ɓoye ɓarnarta ba. An sha karya haƙarƙari, an sha rasa rai, kuma neman magani ya shigar da samari hannun bokaye, ana sha ana wanka ana ɗaura sagau da kau-da-bara. Malamai sun daɗe suna sukar ta saboda cutar da jiki da dogaro da tsafi da cakuɗuwar maza da mata, kuma sukarsu tana da hujja.

A ƙasar Zazzau sandar ta ga sauyin zamani iri-iri. Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804 ya sami ƙarfinsa na farko ne daga talakawa da makiyaya masu tafiya a ƙasa. A Tafkin Kwatto, cikin wannan shekara, jama'ar Shehu da ba su da dawakai sai ƙalilan suka karya rundunar Yunfa Sarkin Gobir, mafi yawansu da kwari da baka. Malam Musa ya karɓi tuta ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa Zuba, daga baya ƙaninsa Abu Ja ya kafa tsohuwar Abuja a kusa da nan a 1828. Gidajen da suka gaji mulki, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, sun zama mutanen birni da doki da alkyabba. 'Yan'uwansu na daji suka ci gaba da biyan jangali suna bin burtali. Wajen 1890 annobar shanu ta ratso daga gabas ta kusa share garkunan ƙasar nan, mutane da yawa suka wayi gari da sanda ba abin korawa. Da Turawa suka karɓi Zariya a 1902, hare-haren bayi suka tsaya, waɗanda suka farfaɗo da garkunansu suka fara gangarawa kudancin Zazzau da tsaunukan Jos, suka tafi da sharo wuraren da ba a san ta ba a da.

Mulkin Turawa ya ba sanda wasu ma'anoni. Sarki ya zama sai an miƙa masa sandar girma kafin sarautarsa ta tabbata, 'yan doka na En'e suka riƙe kulki suna tsaron gari tare da dogarai, har aka haɗe su da 'yan sandan tarayya wajen ƙarshen shekarun 1960. Jami'an mulkin mallaka sun ɗauki sharo a matsayin dabbanci, an hana ta a wurare, an taƙaita ta a wasu, amma ba ta mutu ba, domin daji yana da faɗi. Wasunsu kuma sun zauna sun rubuta abin da suka gani, kamar F. W. de St. Croix, ma'aikacin sashen dabbobi, a littafinsa kan Fulanin Arewacin Nijeriya. Tudun Wada kanta haifaffiyar wannan zamani ce, unguwar da aka ware wa 'yan Arewa baƙi tsakanin ganuwar birni da Sabon Gari, don haka tun farko mahaɗa ce: Bakano da Bakatsine da Babarbare da Banufe, ga matan Fulani masu kawo nono kowace safiya, ga samarinsu da suke shigowa ranar kasuwa da sanda a kafaɗa. A siyasar shekarun 1950, lokacin adawar NEPU da NPC, gora ta sami mummunan aiki a hannun 'yan banga, kuma daga wannan hanya ce ta gangaro hannun 'yan daba da 'yan sara-suka. Wannan ya ɓata mata suna a birni ƙwarai. Yau in aka ga matashi da gora a lungu, ba wanda yake tunanin fasaha.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da ya faru a daji cikin shekarun nan. Dokar wuraren kiwo ta 1965 ta yi alkawarin keɓe filaye, aka yi irin su Ladduga a ƙasar Kachiya, amma gonaki sun cinye burtali da yawa, mashaya ta yi ƙaranci. Daga wajen 2011 satar shanu da makami ta yi ƙamari a dazuzzukan Birnin Gwari da Zamfara, bindiga ta yi arha, makiyayan da aka kwashe wa dukiya da manoman da aka ƙone wa gari duk suka shiga uku. Sanda makami ce da take tilasta maka ka tsaya gaban abokin faɗanka, ka ga fuskarsa, ka san gobe za ku haɗu a kasuwa, kuma mafi yawan faɗanta yana ƙarewa ne da kumburi da sulhu a gaban ardo da mai gari. Bindiga ba ta bar wa dattawa wannan dama ba. Yaron da ya tashi a ruga yau yana iya girma bai koyi karkata sanda ya kare kansa ba, domin abin da yake tsoro ba a kare shi da ice.

In ana neman misalin yadda ake ceto irin wannan gado, Masar ce ta fi kusa da mu. Suna da tahtib, wasan sanda na mutanen Sa'id, wato kudancin ƙasar. Akwai zanensa a gine-ginen Fir'auna Sahure a Abusir, kimanin shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai kuma a haikalin Ramsis na Uku a Madinat Habu, inda ake ganin sojoji suna karawa da sanduna a gaban sarki. Da zamani ya juya, abin ya sauka daga horon soja ya zama wasan manoma a bukukuwan aure da maulidi, irin na Abul Hajjaj a Luksor. Mutum biyu suna shiga da'ira da sanda mai tsawon kusan santimita 130, ana busa mizmar ana kaɗa ganga, su gaisa ta hanyar juya sandunan, sa'an nan kowa ya nemi taɓa kan ɗan'uwansa ba tare da ya ji masa rauni ba. Wanda ya fusata ya yi duka da gaske, taro ne yake tsayar da wasan. Wani mai suna Adel Boulad ya bi gwanayen ƙauyuka ya tattara motsinsu, ya tsara shi daki-daki yadda za a koyar a makaranta, har mata suka shiga. A 2016 UNESCO ta sa tahtib cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa.

Mu ma mun yi irin wannan da wasu wasannin. Nijar ta mai da kokawa gasar ƙasa tun 1975, ana ba zakara takobi, duk ƙasar tana tsayawa ta saurara. A Nijeriya dambe da kokawa da langa sun shiga gasar wasanni ta ƙasa, dambe kuma ya sami masu kallo a YouTube har ƙasashen waje. Sharo ba za ta shiga wannan layi ba, kuma bai kamata a tura ta ba, domin in aka cire mata zafin ba abin da ya rage, in aka bar shi kuma ba hukumar da za ta ɗauki alhakin karyayyen haƙarƙari. Amma sara da karewar da yara suke yi da kara a bakin garke, wannan ana iya yi masa fili da alƙali da hular kare kai, a ƙidaya taɓawa maimakon rauni. Kayan aikin suna nan Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen harsuna da al'adun Afirka a Samaru, tana da masu nazarin wasannin motsa jiki, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kuma ta shafe shekaru tana hulɗa da makiyaya. Gwanayen da suka san riƙon nan suna zuwa kasuwannin Giwa da Anchau da Makarfi duk mako, mafi yawansu sun manyanta. Matakin farko shi ne a je wurin ardo da goro a nemi izini, a zauna da su da na'urar ɗaukar hoto, su nuna kowane sara da kowace kariya a hankali, su faɗi sunan da suke kiran kowanne da Fulatanci, a rubuta.